Nazarin lamari: rafin da kifayensa ke mutuwa duk bayan ruwan sama

Rafin da abin da ke kewaye da shi

Rafin, wanda ake kira Longfellow, ƙarami ne. Yana ratsa unguwannin yammacin birnin Siyatil a jihar Washinton ta Amurka, sannan ruwansa ya ƙarasa mashigin tekun da ake kira Puget Sound. Gidaje ne a gefensa, da kantuna, da filayen ajiye motoci, da tituna. Ruwan saman da ya sauka a kan kwalta yana bin lambatu da bututu ya zubo cikin rafin kai tsaye. Akasarinsa ba ya biyawa ta kowace matata.

Kifin da lamarin ya shafa wani nau'in salmon ne da ake ce wa koho. A rafi ake ƙyanƙyashe shi, ya yi kimanin shekara a ruwan daɗi, ya tafi teku ya girma, ya dawo yana da shekara uku don ya zuba ƙwai a cikin tsakuwa. Bayan ya zuba sai ya mutu, haka halittarsa take. Dawowar tana kamawa ne daga Oktoba zuwa Disamba, daidai lokacin da ruwan sama ke sauka a yankin bayan bushewar Yuli da Agusta. Ruwan farko shi ke cika rafi har kifin ya iya hawowa, shi ne kuma ke wanke duk abin da ya taru a kan titi tsawon watanni.

Ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2001: an gyara rafi, kifi ya dawo

A ƙarshen shekarun 1990 birnin ya kashe kuɗi wajen gyara rafukansa. An sauya kwalbatocin da ke tare wa kifi hanya, an zuba tsakuwa, an jera kututturan itace a cikin ruwa, an dasa itatuwa a gaɓa. Daga 1999 aka fara bin rafin a ƙafa lokacin dawowar kifi don a ga ko aikin ya yi amfani.

Kifi ya dawo kuwa. Sai dai masu ƙidayar sun riƙa tarar da gawarwaki da ba su yi kama da na kifin da ya gama aikinsa ba. Kohon da ya zuba ƙwai jikinsa yakan yi duhu, ya rame, wutsiyar macen ta zaizaye saboda tonon tsakuwa. Waɗannan kuwa jikinsu na sheƙi kamar yanzu suka baro teku, in an tsaga cikin macen sai a tarar da ƙwai cike, fiye da kashi 90 cikin 100 ba a zuba ba. Waɗanda aka riska da sauran rai suna yin abu iri ɗaya: kifin ya taso saman ruwa yana zagaye, yana hangame baki, fikafikansa a baje, daga nan ya kife gefe guda ruwa ya tafi da shi. Tsakanin fara alamar da mutuwa 'yan awoyi ne.

2002 zuwa 2009: abubuwan da aka zarga aka wanke

Daga 2002 cibiyar binciken kifi da ke Siyatil, ta hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA, ta karɓi aikin, ƙarƙashin Nathaniel Scholz, tare da ma'aikatan birnin da wasu hukumomi. Kullum ake bin rafin a lokacin dawowar kifi. Duk macen da aka samu a mace ana tsaga ta a duba ƙwan. Shekara takwas a jere, tsakanin kashi 60 zuwa 100 cikin 100 na matan kohon da suka shigo rafin sun mutu ba su zuba ƙwai ba. A wani rafin daji da aka ɗauka don kwatanci, adadin bai kai kashi 1 ba.

An bi abubuwan da aka saba zargi ɗaya bayan ɗaya. Zafin ruwa daidai yake. Iskar oksijin a cikin ruwan ta wadatar. Amoniya ba ta kai ta yi lahani ba. An duba cututtuka da tsutsotsin jikin kifi, an same su, amma babu bambanci tsakanin kifin da ya mutu da wanda ya rayu. An auna ƙwaƙwalwar kifin don neman alamar da maganin ƙwari na gona da lambu ke bari, ba a gan ta ba. Kifin da aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo da wanda aka haifa a rafi duk suna mutuwa, maza da mata.

Abu biyu suka rage. Na farko, gaɓar numfashin kifayen birni tana ɗauke da ƙarafa irin su dalma da kadmiyam da nikel fiye da ta kifayen daji, matsarmamarsu kuma na nuna sun haɗu da sinadaran da ke cikin man mota da hayaƙin salansa. Na biyu, mutuwar tana bin ruwan sama. A kakar 2002 ruwa ya yi jinkiri, kifayen da suka fara shigowa suka zauna lafiya na makonni, da ruwa ya sauka a farkon Nuwamba sai aka fara kwasar gawa. An wallafa wannan duka a 2011. Wani nazarin taswira da ya fito a 2017, wanda ya haɗa wurare 51 a yankin, ya nuna cewa yawan tituna da yawan motocin da ke bin su ne suka fi tafiya tare da yawan mutuwar.

2011 zuwa 2014: haɗin ɗakin gwaji bai kashe ba, ruwan titi ya kashe

Tunda ƙarafa da sinadaran man fetur ne aka gani a jikin kifin, sai aka haɗa su da hannu. An yi gwajin a gidan ƙyanƙyasar kifi na ƙabilar Suquamish, ɗaya daga cikin 'yan asalin yankin, inda ake samun manyan koho masu lafiya. Aka zuba tagulla da tutiya da dalma da kadmiyam da nikel a ruwa mai tsabta, aka ƙara sinadaran man, a ma'aunin da ya kai ko ya zarce abin da ake samu a kwata. Kifayen suka kwana a ciki babu abin da ya same su.

Daga nan aka koma ga ruwan titi na ainihi. Akwai babbar hanya mai hawa da ta bi ta gefen cibiyar binciken, aka tara ruwan da ke zubowa daga indararonta lokacin ruwan sama aka kai gidan kifin. Duk kifin da aka saka a ciki ya mutu ko ya kama alamun nan kafin awa 24, wasu ma cikin awa huɗu.

A 2013 da 2014 aka ƙara mataki guda. An ɗauki duro mai cin lita 208, aka sa bututu mai tsaga-tsaga a gindinsa, aka zuba tsakuwa kimanin santimita 30, a kanta haɗin yashi kashi 60 da ruɓaɓɓen taki kashi 40 mai kaurin kimanin santimita 60, aka rufe da ɓawon itace. Aka tsiyaya wannan ruwan titin ta ciki, aka tari abin da ya fito ta ƙasa aka saka kifi. Ko ɗaya bai mutu ba. Jenifer McIntyre ta Jami'ar Jihar Washinton ta sami irin wannan sakamakon da ƙananan koho: ruwan da ba a tace ba ya kashe su duka cikin awa 12, wanda aka tace bai taɓa su ba, ko da tsiro a kan ƙasar tacewar ko babu.

Wato a 2015 an san abin da ke hana mutuwar, alhali ba a san sunan abin da ke kashewa ba.

Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun ƙara abu biyu. Wani ɗan'uwan koho da ake ce wa cham, wanda ke shiga rafuka iri ɗaya a lokaci ɗaya, an saka shi a ruwan titin bai ko girgiza ba. Sannan kohon da ya riga ya fara zagaye a saman ruwa, ko an mayar da shi ruwa mai tsabta ba ya farfaɗowa.

2017 zuwa 2020: bin sawu har zuwa taya

Ɗakin gwajin Edward Kolodziej na Jami'ar Washinton, a cibiyar binciken ruwan birane da ke Tacoma, ya canza salon neman. Gwajin ruwa na yau da kullum yana aiki ne da jeri: ka ce wa na'ura ta nemo tagulla ko wani maganin ƙwari, ta gaya maka nawa ne. Abin da ba ya cikin jerin ba ta ganinsa. Su kuwa sun yi amfani da na'urar da ke auna nauyin duk ƙwayar sinadarin da ke cikin ruwa, ko an san shi ko ba a sani ba. Suka ɗauki ruwa daga wuraren da kifi ke mutuwa, suka ware sinadaran da ke bayyana a kowane lokaci, suka kwatanta da abubuwan da mota ke zubarwa: baƙin mai, man giya, man birki, ruwan lagireto, ruwan wanke gilashi, da ruwan da aka jiƙa garin taya a ciki. Na tayar ne ya fi kama. An wallafa hakan a 2018.

Sai aka goge saman tayoyi, sababbi da tsofaffi, aka jiƙa garin, aka saka ƙananan koho a ruwan. Suka mutu da alamun nan dai. To amma ruwan jiƙon yana ɗauke da sinadarai sama da 2,000.

Aikin da Zhenyu Tian ya jagoranta daga nan tankaɗe da rairaya ne. A raba ruwan kashi-kashi bisa wata siffa, a saka kifi a kowane kaso, a riƙe wanda ya kashe, a sake raba shi bisa wata siffar. Tace ruwan ta yashi zalla bai cire gubar ba, alamar a narke take. Abin da ke kama ƙarafa bai rage ta ba, ƙarafa suka fita daga zargi. Aka ci gaba da rarrabawa bisa yadda sinadari ke manne wa abu ko ya bi ruwa, har aka sauko kan kaso mai sinadarai huɗu kacal, ɗaya ya rinjayi sauran. Na'ura ta ba da ƙirarsa: kabon 18, haidurojin 22, naitirojin 2, oksijin 2. Aka duba rumbunan bayanai da jerin kayan haɗa taya, babu mai wannan ƙirar.

Mafita ta zo ne da Tian ya yi tunanin cewa wataƙila ba a haka aka zuba shi a taya ba, rikiɗa ya yi daga baya. Oksijin da haidurojin suna ƙaruwa ko su ragu in sinadari ya haɗu da iska, amma kabon da naitirojin sukan zauna. Ya nemi kayan haɗa taya mai kabon 18 da naitirojin 2, ya sami 6PPD.

Duk wanda ya ga tayar da ta daɗe a ajiye gefenta ya tsattsage ya ga aikin iskar ozon, wani nau'in oksijin da ke cikin iska, a kan roba. Don hana wannan ake zuba 6PPD, tsakanin kashi 0.4 zuwa 2 cikin 100 na nauyin robar, kuma kusan kowace tayar mota a duniya tana da shi. An ƙera shi ne ya riƙa tsattsafowa saman tayar a hankali, ya tari ozon kafin ta ci robar. In ya tare ta sai ya rikiɗe, ɗaya daga cikin abubuwan da yake zama shi ne 6PPD-kwinon. Masu binciken suka busa wa 6PPD na masana'anta ozon, suka sami sinadari iri ɗaya da na jiƙon tayar, wato 6PPD-kwinon, na'urar NMR mai nuna tsarin ƙwayar sinadari a Jami'ar Toronto ta tabbatar da siffarsa, kuma ya kashe koho. Mujallar Science ta fitar da sakamakon a Disamba 2020. An kuma sami sinadarin a ruwan titunan Los Angeles da rafukan yankin San Francisco.

2021 zuwa 2023: gyaran ma'auni

Adadin farko da aka bayar na abin da ke kashe rabin ƙananan koho cikin awa 24 shi ne kimanin nanogiram 800 a lita (nanogiram shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na giram). An yi wannan lissafin da sinadarin da masu binciken suka haɗa da kansu, don babu na sayarwa a lokacin. Da tsantsarsa ta shigo kasuwa aka maimaita, a 2022 adadin ya koma nanogiram 95 a lita, ya ragu kusan sau takwas. Alƙaluman da aka fara bayarwa na ruwan titi su ma sun yi yawa, aka rage su. Nanogiram 95 a lita yana nufin kimanin rubu'in giram ɗaya a wurin ninkaya irin na gasar Olamfik, mai lita miliyan biyu da rabi. Wani gwaji a Kanada a 2023 da ya yi amfani da kifayen da suka fi ƙanƙanta ya sami nanogiram 41.

Bambancin da ke tsakanin kifaye ya fito fili. Wasu nau'o'i biyu na kifin tirawut, dangin salmon, suna mutuwa a tsakanin nanogiram 600 zuwa 1,000 a lita, wasu kifayen kuma, kamar cham da wani salmon da ake ce wa sokai, ba ya yi musu komai a ma'aunin da ake samu a rafi. A jikin koho an ga jini yana yin kauri sosai, ruwan jinin yana yoyo daga ƙananan jijiyoyi, har a ƙwaƙwalwa.

Ɗaukar samfurin ruwa ma sai da aka koye shi. Sinadarin yana manne wa roba da wasu tiyo, don haka kwalbar gilashi mai duhu ake so. A sa ta cikin ƙanƙara nan take, a fitar da sinadarin cikin kwana 14. Babban kuskure shi ne lokacin ɗiba: yawansa yana hawa ne yayin ruwan sama ya sauka bayan awoyi, saboda haka wanda ke zuwa sau ɗaya a wata da rana tsaka zai koma da rahoton cewa rafin lafiya lau.

Daga duro zuwa gefen titi

Abin da aka gwada a duro shi ne ake ginawa a matsayin kwarin tace ruwa a gefen hanya. Ƙa'idar jihar Washinton ta tanadi kaurin ƙasar tacewa santimita 45, ruwan da zai kwanta a sama kada ya wuce santimita 30, kuma ya tsotse cikin awa 24. Ana auna girman wurin ta yadda zai tace kashi 91 cikin 100 na ruwan da ke kwarara a shekara. Dalilin da ya sa yake aiki shi ne 6PPD-kwinon ba ya son zama cikin ruwa, yana samun taki ko gawayi sai ya manne. Wani gwaji a birnin Vancouver na Kanada da aka wallafa a 2023 ya nuna irin wannan kwari yana riƙe kimanin kashi 90 cikin 100 a ruwan sama na yau da kullum.

Yana da nasa matsalolin. Takin da ke kama gubar yana sakin fosfaras da naitaret da tagulla, musamman a shekarun farko, shi ya sa ake hana amfani da haɗin 60 da 40 mai bututu a ƙasa kusa da tafkunan da fosfaras ke lalatawa. An fito da wani haɗin: yashi kashi 70, zaren ɓawon kwakwa kashi 20, gawayi kashi 10. In motar aiki ta taka ƙasar lokacin gini, ta danne ke nan, ruwa ba zai shiga ba. Laka da garin taya suna toshe saman in ba a sa ramin da za su fara kwantawa ba, kuma ba a kwashe shi. A ruwa mai ƙarfi, abin da ya fi ƙarfin kwarin yana bi ta mafitar ambaliya ya tafi rafi ba a tace ba. Sannan ga wuri: unguwar da aka gama ginawa ba ta da filin da za a haƙa kwari a bakin kowane bututu.

2023 zuwa 2024: hukumomi

Daga 1 ga Oktoba 2023 jihar Kalifoniya ta wajabta wa masu ƙera taya su binciko abin da zai maye gurbin 6PPD. A Agustan shekarar ƙabilun Yurok da Port Gamble S'Klallam da Puyallup suka kai ƙorafi ga hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, suna neman a hana shi, hukumar ta amince a Nuwamba za ta fara bin matakan doka. A Janairu 2024 ta fitar da daftarin hanyar auna shi a ruwa, mai lamba 1634, a Yuni kuma ta ba da nanogiram 11 a lita a matsayin ma'aunin faɗakarwa. A Agusta 2024 Washinton ta zama jiha ta farko da ta sa iyaka a dokar ruwanta, nanogiram 12 a lita. Har ƙarshen shekarar 6PPD na nan cikin tayoyin da ake ƙerawa, don cire shi ba tare da madadi ba yana nufin tayar da za ta tsage a kan hanya.

Hukunci

Gyaran da aka yi wa rafin a shekarun 1990 ya yi abin da aka nufa, ya buɗe wa kifi hanya. Amma an gyara gaɓa da tsakuwa ba a taɓa bututun da ke zubo ruwa ba, sai aikin ya zama janyo kifi zuwa inda zai mutu. Ƙidayar da ta biyo bayan gyaran ce ta tona lamarin, kuma irin wannan bibiya ita ce aka fi yankewa in kuɗin aiki ya ƙare.

Shekarun 2002 zuwa 2012 sun tafi ne a kan jerin sinadaran da aka riga aka sani. Ba ɓata lokaci ba ne, don sai da aka wanke su aka iya duban wani wuri, amma jerin ba zai taɓa kai wa ga amsar ba. Babu kamfanin da ya zuba 6PPD-kwinon a taya, babu takardar kayan haɗi da ke ɗauke da sunansa, a kan titi yake samuwa. Abin da ya yi aiki sau biyu shi ne mayar da kifin kansa ma'auni: a 2012 da aka saka shi a ruwan titi na ainihi, da kuma lokacin rarraba jiƙon taya, inda mutuwarsa ce ke nuna kason da za a bi. Nan ma an yi sa'a, don koho babba ne, yana mutuwa a fili cikin awoyi, a rafin da mutane ke bi kullum. Da a cham kaɗai aka yi gwajin, da an ce ruwan ba shi da laifi.

Wurin da aka yi sakaci shi ne tsakanin 2015 da 2020. An riga an nuna cewa yashi da taki suna hana mutuwar ɗungurungum, kuma ba a buƙatar sunan sinadari kafin a haƙa kwari. Duk da haka sai da sunan ya fito kuɗi da doka suka motsa sosai. Game da rafin kansa, ba a kai ga warware matsalar ba: mafi yawan ruwan titunan da ke kewaye da shi yana shiga ba a tace ba, kuma masu bin sa a kaka suna ci gaba da samun matan koho da ƙwai a ciki. Ko yau aka daina zuba 6PPD, tayoyin da ke kan hanya za su yi shekaru suna aiki, ga kuma garin da ya riga ya kwanta a lambatu da gefen titi. Aikin da ke hannun birnin a wannan tsakanin shi ne ya fara da bututun da ke kwaso ruwan manyan tituna masu cunkoso, ya tace su kafin na lunguna, ya kuma auna abin da ke fita daga kowane kwari a lokacin da ruwan ke sauka.